Yadda za ka zaɓi farantin gwaji mai gurabe don rainon ƙwayoyin sel da karanta sakamako

Kafin ka tura wa dillali ko kwabo, tashi ka je ɗakin da na'urar karanta faranti take, ka roƙi mai kula da ita ya nuna maka abin da take iya karantawa da abin da ba ta iyawa. Da wannan nake fara wa duk ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya shigo da takardar farashi a hannu yana tambayata wane maikurofilet, wato farantin gwaji mai gurabe, zai saya. Yawancinsu suna ɗauka faranti faranti ne, roba ce mai gurabe 96 kamar tandar masa da aka ƙanƙance, saboda haka duk wanda ya fi araha shi ne nasu. Ina jin zafin wannan kuskuren ƙwarai, domin kuɗin bincike a wurinmu daga aljihun ɗalibi ko na iyayensa yake fitowa, kuma farantin da bai dace ba yakan ba ka lambobi tsaf, ka rubuta su, ka gina babi guda a kansu, alhali ba su da tushe.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne duk farantan girmansu ɗaya. Wani likita ɗan ƙasar Hungari, Gyula Takátsy, shi ya fara ƙera irin wannan faranti a 1951 don gwaje-gwajen mura, nasa mai layi 6 ne, kowane layi gurbi 12. Daga baya mai gurabe 96 ya zama ruwan dare, layi takwas daga A zuwa H, jeri goma sha biyu. A 2004 aka amince da ma'auni guda a Amurka wanda kamfanoni ke bi: tsawo milimita 127.76, faɗi milimita 85.48, tsakanin gurbi da gurbi milimita 9. Don haka kowane faranti ka sayo zai zauna daram a bakin na'ura. Zamansa daram ɗin ba ya gaya maka ko launinsa, da irin robarsa, da siffar gindinsa sun dace da aikinka.

To me za ka duba a jikin na'urar? Hanyoyi uku ake karanta faranti. Ta farko a haska ruwan da ke gurbi a auna yawan hasken da ya shanye; da ita ake karanta ELISA (gwajin gano furotin ko antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki, ta hanyar fitowar launi) da MTT (gwajin auna yawan sel masu rai) da awon furotin. Ta biyu fuloresens: a haska samfur da launi ɗaya, ya mayar da wani launin, a auna wanda ya mayar. Ta uku luminesens, inda sinadaran da ke gurbin ke fitar da haske da kansu ba tare da an haska su ba. Na'urorin da suka fi yawa a asibitoci da sassan jami'o'inmu na ELISA ne, hanyar farko kaɗai suka sani, kuma galibi da filta huɗu suke zuwa, kowace tana barin launin haske ɗaya ya wuce, wanda ake aunawa da nanomita: 405, 450, 492 da 620 ko 630. Rubuta waɗannan lambobin a littafinka tun a wurin. Gwajin MTT, wanda Tim Mosmann ya bayyana a 1983 kuma kusan kowane mai gwada maganin gargajiya a kan ƙwayoyin daji yake so ya yi, a wajen nanomita 570 ake karanta shi. Idan na'urar ba ta da filta tsakanin 540 da 595, ka sauya gwajin tun kafin ka sayi komai: akwai wasu gwaje-gwajen masu aiki irin na MTT, WST-8, wanda ake sayarwa da sunan CCK-8, a 450 ake karanta shi, MTS kuma a 490. Na fi son ɗalibi ya yi haka da ya ɗauki faranti cike da sel ya hau mota zuwa wani gari neman na'ura.

Idan shan haske za ka auna, faranti garai kake buƙata, mai shimfiɗaɗɗen gindi, domin hasken ratsawa yake tsakanin saman gurbi da gindinsa. Akwai abu ɗaya da ya bambanta shi da kwalbar awo ta sifektirofotomita. A can nisan da haske ke ratsawa santimita 1 ne kullum. A faranti kuwa zurfin ruwan da ka zuba shi ne nisan, maikurolita 200 a gurbi na ba da ɗan abin da ya haura rabin santimita. Ka zuba 100 a wani gurbi, 150 a wani, ka canza sakamako da hannunka. Kumfa ma haka. Ka fasa shi da bakin allura mai tsabta kafin ka saka faranti a na'ura.

Farantin garai na yau da kullum da folistairin ake yin sa, kuma wannan roba tana shanye hasken UV, wanda ido ba ya gani, da kanta. A nanomita 260 da ake auna DNA, ko 280 na furotin, robar za ka auna ba samfurinka ba. A 340, inda ake bin sinadarin NADH a gwajin enzayim, ana iya lallaɓawa da wasu farantan, amma sai ka fara karanta faranti da ruwa zalla ka ga abin da ya bayar. Don aikin UV akwai faranti na musamman irin su UV-Star na Greiner Bio-One, wanda ke barin haske ya wuce har zuwa wajen nanomita 230.

Fuloresens baƙin faranti yake so. Baƙar robar tana haɗiye hasken da ya warwatsu, tana kuma hana hasken gurbi ɗaya tsallakawa zuwa na maƙwabcinsa. Masu gwada maganin zazzaɓin cizon sauro a kan Plasmodium falciparum da rinin SYBR Green I sun san muhimmancin wannan: gurbin da ƙwayar cutar ta hayayyafa son ranta yana iya zama daf da wanda magani ya kashe ta ƙurmus, kuma a farantin garai hasken na farko zai leƙa cikin na biyu ya nuna maka kamar maganin bai yi aiki sosai ba. Ana haskawa a wajen nanomita 485 a karanta a wajen 530, bayan rainon sa'o'i 72. Luminesens kuwa farin faranti yake so, domin hasken ɗan kaɗan ne, farar robar tana dawo da shi sama zuwa idon na'ura. Ka yi gwaji irin CellTiter-Glo, mai auna sel masu rai ta hasken da suke bayarwa, a baƙin faranti, mafi yawan hasken ya tafi a banza. Farin faranti yakan riƙe hasken ɗaki na ɗan lokaci, saboda haka ka bar shi a duhu kamar minti goma kafin karantawa.

Matsalar baƙi da fari ita ce ba ka ganin sel ɗinka a maikuroskof. Kamfanoni sun warware wannan da faranti mai baƙin bango ko farin bango amma gindinsa garai, kuma shi ne mafi tsada a cikin waɗanda muka ambata. Kafin ka saye shi ka tambaya ko na'urar tana karantawa daga ƙasa, domin amfaninsa na biyu ke nan: sel a gindin gurbi suke manne, karantawa daga ƙasa na kauce wa jan rinin da ke cikin ruwan raino. Idan gwajin naka na fasa sel ne a ƙarshe, akwai hanya mai sauƙin kuɗi da nake bi: ka raine su a farantin garai na raino, ka zuba sinadarin gwajin a can, sannan ka kwashe ruwan da fifet, wato abin ɗibar ruwa a aune, mai baki takwas zuwa farin ko baƙin faranti wanda ba a tsarkake ba. Hoto mai zurfin girmamawa kaɗai ke buƙatar gindin gilashi mai kaurin milimita 0.17, gindin roba na yau da kullum ya kai kusan milimita 1, ya yi wa manyan ruwan tabarau kauri.

Yanzu sai mu koma kan abin da za ka zuba a ciki, kuma nan ne aka fi yin asara. Folistairin a asalinsa ba ya son ruwa. Ka ɗiga digo ɗaya a gindin gurbi, za ka ga ya dunƙule ya tsaya ƙyam. Sel masu mannewa irin su Vero, HeLa, HepG2 da MCF-7 ba sa kama irin wannan fuska da kyau. Shi ya sa a masana'anta ake bi ta kan robar da filasma ko tartsatsin lantarki, a dasa mata iskar oksijin a fuska har ta koma mai son ruwa. A irin wannan gurbin digon bajewa yake. A jikin ledar farantin da aka yi wa wannan gyara don rainon sel za ka ga haruffan TC. Idan ka shuka Vero da yamma a farantin TC, washegari ka ɗora shi a maikuroskof mai duba daga ƙasa, za ka tarar sun miƙe sun shimfiɗu, gefensu ya yi duhu-duhu, sun fara taɓa juna. A farantin da ba TC ba za ka tarar da su zagaye, suna ƙyalli, sun taru cunkus-cunkus, ka ɗan girgiza faranti su bi ruwa. Sau da yawa a nan ake zargin ruwan raino ko inkubeta, akwatin ɗumi da ake rainon sel a ciki, ko wanda ya ba da sel ɗin, alhali ledar farantin tana cikin kwandon shara da amsar a jikinta.

Akwai sel da ko TC bai ishe su ba. HEK293 sakwa-sakwa suke kamawa, wanki biyu da fifet sai ka ga sun ɗaye kamar fata. Ga irinsu, da ƙwayoyin jijiya, ana shafe gurbin da foli-D-laisin. Ƙwayoyin hanta da aka ciro kai tsaye daga jiki kuma da kolajin. Kana iya sayen wanda aka riga aka shafe, kana iya shafewa da kanka, wanda ya fi sauƙi ga aljihu. Sel masu yawo a ruwa, irin su Jurkat da K562, ba ruwansu da TC, farantin da aka tsarkake kawai suke so. Jajayen ƙwayoyin jini na rainon Plasmodium su ma kwanciya kawai suke yi. Mai son sel su dunƙule su zama ƙwallo ɗaya a kowane gurbi kuwa, faranti mai hana mannewa kwata-kwata zai nema, mai zagayayyen gindi.

Farantin ELISA daban yake da na raino, ko da yake a ido ba ka raba su. An gyara fuskarsa ne don ta kama furotin da yawa kuma daidai wa daida a kowane gurbi. Idan da kanka za ka shafa antijin ko antibodi, a ruwan kabonet mai pH 9.6 ya kwana a firji, to ka nemi mai ƙarfin kamu irin Nunc MaxiSorp ko takwarorinsa na Corning da Greiner. Farantin TC zai kama wani abu, launi zai fito, amma gurabe uku da ka zuba wa samfur ɗaya za su ba ka lambobi uku masu nisa da juna. Idan kit ka saya, wato kayan gwajin da kamfani ya haɗa gaba ɗaya, farantin na ciki, a shafe. Yawanci sala-sala yake zuwa, kowace sala gurbi 8. Ka ciri iya wanda kake buƙata, sauran ka mayar cikin jakarsu tare da ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi, ka rufe, ka sa a firji.

Siffar gindi haruffa ne a takardar farashi: F shimfiɗaɗɗe, U zagayayye, V mai tsini. F na raino ne da karatun na'ura. U shi aka saba amfani da shi wajen nemo mafi ƙarancin maganin da ke hana bakteriya girma, domin bayan sa'o'i 16 zuwa 20 a ɗumin digiri 35 bakteriyar da ta girma takan taru a tsakiyar gindi ta zama ɗan farin maɓalli da ido ke gani. Kuma wanda ba TC ba ake so. V kuwa duk wanda ya yi aikin cututtukan kaji, irin wanda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom, ya san shi. A gwajin HI, mai duba ko antibodi ya hana ƙwayar cuta harhaɗa jajayen ƙwayoyin jini, na cutar Newcastle da murar tsuntsaye ana zuba maikurolita 25 na kowane abu, a ƙarshe a ƙara jinin kaza da aka tsarma zuwa kashi 1 cikin ɗari. Bayan kamar minti 40 sai ka karkata farantin ka zuba ido. Inda antibodi ya tare ƙwayar cutar, jan ɗigon da ke tsinin gurbi zai gangaro siriri daidai da na gurbin kwantirol, wato gurbin kwatantawa. Inda jinin ya harhaɗu, ba ya gangarowa. A farantin F ba za ka taɓa ganin wannan gangarowar ba. Idan ɗaki ya yi zafi, kamar yadda yake yi mana a bazara, ƙa'idar gwajin ta yarda a kwantar da jinin a digiri 4 na kamar awa ɗaya.

Yawan gurabe ya danganta ga abin da kake so ka kwasa daga sel. Gurbi ɗaya na faranti mai 6 yana da faɗin kusan murabba'in santimita 9.5, yana cin ruwan raino mililita 2 zuwa 3, idan ya cika yana ba da sel kusan miliyan ɗaya, wanda ya isa ciro RNA ko furotin. Na mai 24 kusan 1.9 ne. Na mai 96 kusan 0.32 ne, ana zuba masa maikurolita 100 zuwa 200, ana shuka sel dubu biyar zuwa goma don gwajin guba. Mai 384 ban cika ba da shawararsa ga mai aiki da hannu ba. Gurbin ya yi ƙanƙanta, ruwansa na saurin ƙafewa, kuskuren maikurolita ɗaya ya zama babba.

Ƙafewar nan ita ce abin da nake so ka riƙe da kyau, domin yanayinmu na ƙara mata ƙarfi. Gurabe 36 da ke kewaye da faranti sun fi na ciki rasa ruwa, kuma sun fi saurin ɗumama da hucewa. Ruwa ya ragu, gishiri da magani su yi kauri, sel na gefe su girma daban da na tsakiya. Da hunturu iskar ɗaki a bushe take ƙarau, duk buɗe ƙofar inkubeta danshin ciki na ficewa. A ɗauke wuta kuma kafin janareta ya tashi, gefen faranti ne ke fara jin sanyi. A gwajin da zai kai sa'o'i 48 ko 72 ba na saka samfur a gefe ko kaɗan. Ina cika su da maikurolita 200 na PBS, ruwan gishirin ɗakin gwaji, ko ruwa tsarkakakke, in yi aiki da 60 na ciki, layi B zuwa G, jeri 2 zuwa 11. Ka yi lissafin sayenka a kan 60 ɗin nan: magani biyu a faranti, kowanne layi uku, jeri takwas na ƙarfin magani daban-daban, jeri biyun da suka rage na kwantirol. Mai magani goma da zai maimaita gwaji sau uku, faranti 15 yake buƙata, ban da na gwajin share fage. Ka tabbata tiren ruwan inkubeta bai bushe ba, kada ka jibga faranti bisa faranti, kuma bayan shuka ka bar farantin a kan teburin aiki na rabin awa zuwa awa ɗaya sel su kwanta kafin ka kai shi ɗumi. Hakan na rage taruwarsu a gefen gurbi.

Masu aiki da tsirrai, akwai naku na musamman. Abin da aka tatso daga zoɓo ja ne, na lalle ruwan goro, na bagaruwa da marke cike da tanin. Launin kansa na shan haske, wasu sinadaran kuma suna juya MTT ya koma shuɗi-ja ko babu sel ko ɗaya a gurbin, sai maganin ya yi kamar yana ƙara wa sel rai. Ka ware gurabe masu magani da ruwan raino amma babu sel, a kowane ƙarfi, ka cire abin da suka bayar. Wannan ma wuri yake ci, ka sa shi a lissafi. Sannan kada kulorofom ko asiton ko etil asitet su taɓa folistairin. Nan take gurbin zai yi hazo fari, gindin ya yi laushi, karatu ya lalace. Ka busar da abin da ka tatso, ka narkar da shi a DMSO, ruwan sinadarin da ake narkar da magunguna a ciki, ka tsarma yadda DMSO ɗin da zai isa ga sel bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Ajiyar magunguna a DMSO, ko samfur a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, aikin folifurofilin ne, robar nan mai dishi-dishi da ba ta fashewa a sanyi. Farantin PCR, gwajin riɓanya DNA, ma da ita ake yi, kuma shi sunan na'urarka za ka ba dillali, domin tsayin gurbi da siffar gefe sun bambanta daga na'ura zuwa na'ura.

Ana yawan tambayata ko za a iya wanke faranti a sake amfani da shi. Na raino da na ELISA, a'a. Folistairin na laushi a wajen digiri 100, otokilef, tukunyar tsarkake kaya da tururi, kuma 121 yake kaiwa, zai fito a lanƙwashe. Sabulu da bilic suna ɓata fuskar TC, furotin da ya kama farantin ELISA kuma ba ya fita duka. Araha ba ta ado. Inda za ka rage kuɗi da gaskiya shi ne ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi katon ɗaya, wanda yakan zo da 50 ko 100, ku tabbata kowane faranti da ledarsa da murfinsa, don kada buɗe ɗaya ya fallasa sauran ga ƙura. Kuma kada ka biya kuɗin tsarkakewa a inda babu raino: awon furotin, gwajin sinadarin DPPH, HI, duk farantin da ba a tsarkake ba ya ishe su.

Sa'ad da za ka rubuta wa dillali, kada ka ce "faranti mai 96" ka yi shiru. Ka jera masa a layi ɗaya: yawan gurabe, siffar gindi, launi, irin roba, TC ne ko mai ƙarfin kamu ko wanda ba a taɓa ba, tsarkakakke ko a'a, da murfi ko babu, sannan sunan kamfani da lambar kaya daga kundinsu. Ka ce kada a musanya maka da "irinsa" sai an tambaye ka. Ranar da kaya suka iso, kafin ka sa hannu, ka karanta lambar da ke jikin ledar faranti ɗaya ka gwada da wadda ka rubuta, ka nemi alamar STERILE R da ke nuna an tsarkake shi da haskawa, ka duba ranar ƙarewar wa'adi, ka ɗaga ledar sama ka ga ko ta huje. Ka rubuta lambar rukunin a littafin aikinka, kuma gwaji ɗaya da maimaicinsa duka ka yi su da faranti na rukuni ɗaya.